Daga Takaba Zuwa Fada: Rayuwar Mabell Ogilvy, Ledi Airlie (1866–1956)

Gabatarwa

A ranar 11 ga Yuni, 1900, a wani wuri da ake kira Diamond Hill gabas da Pretoria, harsashin Boer ya kashe David Ogilvy, Earl na goma sha ɗaya na Airlie, yana jagorantar rundunar mahaya dawaki. Ya bar mata mai shekara 34 da 'ya'ya shida. Matar, Mabell, ta ƙara shekara 56 a duniya ba ta sake aure ba, kuma fiye da hamsin daga cikinsu ta yi su ne tana hidima a fadar Birtaniya. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwarta ne domin bayyana irin matsayin da mutuwar miji ke bai wa mace a gidajen sarautar Birtaniya na wancan zamani: iko ne na gaske, amma kusan dukkansa riƙon amana ne a madadin wani.

Asali da aure

An haifi Mabell Gore a ranar 10 ga Maris, 1866, 'yar Arthur Gore wanda daga baya ya zama Earl na biyar na Arran. Mahaifiyarta ta rasu a 1871, sai kakarta ta wajen uwa, Ledi Jocelyn, ta ɗauki riƙonta tare da ƙannenta mata. Wannan kaka ta daɗe tana hidima ga Sarauniya Victoria, ita kuma 'ya ce ga Ledi Palmerston, ƙanwar Firayim Minista Melbourne kuma matar Firayim Minista Palmerston. Ke nan Mabell ta tashi a gidan da fada da siyasa suke abin hira na yau da kullum. Tun tana ƙarama ta san Gimbiya May ta Teck, yarinyar da a lokacin babu mai hango mata gadon sarauta, wadda kuma ta zama Sarauniya Mary.

A watan Janairun 1886 ta auri David Ogilvy, soja kuma magajin tsohon gida a yankin Angus na Skotland. Ya riga ya yi yaƙi a Afganistan, ya kuma shiga yaƙin Kogin Nilu na 1884 zuwa 1885 a Sudan. Matar soja ta zama tun daga ranar farko.

Riƙon gado

Dokar gado a gidajen sarautar Birtaniya ta bambanta ƙwarai da rabon gado na Musulunci. Sarauta da akasarin ƙasa suna tafiya ne dunƙule ga babban ɗa namiji, ba a yanka su kashi-kashi. Da mijin ya faɗi a fagen fama, ɗansu David, mai shekara shida, shi ne ya zama Earl na goma sha biyu. Yaro mai shekara shida ba ya karɓar kuɗin haya, ba ya sauraron ƙorafin manoma, ba ya yanke shawara kan gyaran rufi. Duk wannan ya dawo kan uwarsa, wadda ta ci gaba da tafiyar da babban gidan Cortachy da filayensa har yaron ya girma.

A nan ne ake ganin sarƙaƙiyar matsayinta. Tana da iko a kan dukiyar da ba tata ba, kuma ta san ranar ƙarewar ikon. A 1917 ɗan ya yi aure, sai ta bar Cortachy ga amarya ta koma tsohon gidan Airlie, wanda bai kai shi girma ba. Al'ada ce, ba kora ba, amma shekara goma sha bakwai na aiki sun ƙare ne da ɗaure kaya.

Zaman makoki ma yana da nasa tsari. Takabar Musulunci wata huɗu ce da kwana goma, daga nan mace ta sami damar sake aure. A Birtaniya ta zamanin Victoria kuwa babu wa'adi na shari'a, sai dai al'adar manyan gida ta sa mace baƙaƙen kaya na kimanin shekara biyu, kuma Sarauniyar da kanta ta sa baƙi tun rasuwar mijinta a 1861 har zuwa tata a 1901. Matar da ta ƙi sake aure bayan mijinta ya mutu a yaƙi tana samun wani irin kwarjini a idon jama'a. Shi ya sa kalmar bazawara, da ke ɗauke da ma'anar mai jiran manema, ba ta dace da Mabell ba ko kaɗan.

Aikin sa kai

Kafin tafiyarsa yaƙi, mijinta ya ba da fili domin gina asibitin masu tarin fuka na birnin Dundee. Ita ce ta buɗe shi a 1902, birnin kuma ya karrama ta da 'yancin gari. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ta shiga aikin Red Cross, ta kuma shugabanci hukumar kula da ma'aikatan jinya na soja mai ɗauke da sunan Sarauniya Alexandra. Saboda wannan aiki aka ba ta lambar girma ta Daular Birtaniya a 1920.

Yaƙin bai bar gidanta ba. Surukinta Clement Mitford ya mutu a fagen fama a 1915, autanta Patrick ya bi shi a 1917, 'yarta mai sunanta kuma ta rasu a 1918. Yana da sauƙi a kalli aikin agajin matan manya a matsayin ado, kuma a wasu lokuta hakan ne. Amma wadda ta rasa miji da ɗa da suruki a yaƙe-yaƙe biyu ba za a ce tana kallon sojojin da ke kwance a asibiti daga nesa ba.

Muƙamin da ya ƙi fassaruwa

A ƙarshen 1901 tsohuwar ƙawarta, wadda ta zama matar yarima mai jiran gado, ta naɗa ta muƙamin da ake kira Lady of the Bedchamber. Ta riƙe shi har zuwa rasuwar Sarauniya Mary a watan Maris na 1953.

Wannan suna tarko ne ga mai fassara zuwa Hausa. Idan aka bi kalmomi, sai a ce mai kula da ɗakin barci, mai karatu ya zaci kuyanga ce mai gyaran gado. Ba haka ba ne. A zamaninta matan masu sarauta kaɗai ake ba wa muƙamin, kuma aikinsu rakiya ne a bukukuwa da tafiye-tafiye, karɓar baƙi, taimakawa da wasiƙu, da zama abokan hira. Suna yin sa ne bi da bi, kowace ta yi nata zango ta koma gidanta. Jakadiya ta fadar Hausa ta yi kama da ita wajen kai saƙo da riƙe sirri, sai dai jakadu a tarihi galibi daga bayin sarki suke fitowa, alhali ita wannan daga gidan da ke aurayya da gidan sarauta take. Uwar soro kuma shugabar cikin gida ce mai zama a ciki. Wataƙila “bafadiyar sarauniya” ce ta fi kusa, ko da yake ita ma ba ta nuna darajar haihuwa ba.

Cewa muƙamin ba na wasa ba ne, tarihi ya nuna. A 1839 Robert Peel ya ƙi kafa gwamnati saboda Victoria ta ƙi sauya wasu daga cikin matan fadarta masu alaƙa da jam'iyyar Whig, sai Melbourne ya dawo kan mulki. 'Yan siyasa sun san cewa wadda ke zama da sarauniya safe da yamma tana da kunnenta. A zamanin Mabell wannan tasiri na jam'iyya ya dushe, abin da ya rage shi ne amana ta cikin gida. Sarauniya Mary mace ce mai kamewa, ba ta cika buɗe ciki ba, kuma Mabell na cikin ƙalilan da take yi wa magana ba shamaki. Lokacin da Yarima Albert ke neman auren Elizabeth Bowes-Lyon, 'yar gidan Glamis da ke maƙwabtaka da Cortachy, Mabell ta zama abokiyar sirrin ɓangarorin biyu har aka ɗaura aure a 1923. Tana kusa da Sarauniyar a 1936, shekarar da Sarki George na Biyar ya rasu, Edward na Takwas kuma ya sauka daga gadon sarauta.

Rubuce-rubucenta

Abin da ya zama nata na kanta shi ne rubutu. Bayan komawarta gidan Airlie ta duƙufa kan takardun danginta, ta fitar da In Whig Society a 1921 da Lady Palmerston and Her Times a 1922, sannan With the Guards We Shall Go a 1933, wanda ta gina kan wasiƙun wani ɗan uwanta daga Yaƙin Crimea. Tarihin rayuwarta, Thatched with Gold, bai fito ba sai 1962, shekara shida bayan rasuwarta a Landan ranar 7 ga Afrilu, 1956, kuma Jennifer Ellis ce ta tace shi. Masu rubuta tarihin gidan Windsor suna yawan dogaro da shi. Dole ne dai a karanta shi da lura: shaida ce ta mai biyayya, an kuma tace ta da hannu na biyu, don haka abin da aka yi shiru a kai yana da nauyi kamar abin da aka faɗa.

Alaƙar gidanta da fada ba ta yanke da mutuwarta ba. Jikanta David, Earl na goma sha uku, ya zama shugaban ma'aikatan fadar Sarauniya Elizabeth ta Biyu daga 1984 zuwa 1997. Ƙanensa Angus Ogilvy kuma ya auri Gimbiya Alexandra a 1963, wato gimbiyar da ta wakilci Sarauniya a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960, a bikin samun 'yancin kan Nijeriya.