Raunin Ƙuruciya a Ɗakin Aure

Amarya ta tare, ango ya matso, sai jikinta ya sandare, ta takure a jikin bango tana kuka. Dangi su ce kunya ce. In abin ya daɗe, a ce sammu ne ko namijin dare, a shiga shan rubutu da turaren hayaƙi. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko an taɓa lalata da ita tana ƙarama.

Tambayar kuwa ta dace a yi ta. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF a 2014 ya gano cewa a Najeriya yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Yaran nan sun girma, da yawansu suna ɗakunan aure yau.

A 1985 masana biyu a Amurka, David Finkelhor da Angela Browne, suka bayyana cewa cin amana na cikin manyan illolin da wannan ta'asa ke bari. Mai aikata ta galibi wanda yaro ya sani ne, ya kuma yarda da shi. Sai zuciya ta ɗauka duk mai kusantarta macuci ne. Jiki ma ba ya mantuwa: ƙamshin wani turare, ko ƙarar sakata da dare, ya isa ya mayar da mace shekara ashirin baya. Wasu tsokar gabansu ce ke damƙewa ba da sonsu ba, ciwon da likitoci suka sani, suke kuma maganinsa. Namijin da aka yi wa haka shi kuma yakan haɗiye, abin ya fito a zafin rai, ko shaye-shaye, ko ƙaurace wa iyali.

Mijin ma yana cikin wahala, kada a manta. Yana ganin ƙinsa ake yi, abokai suna zuga shi ya nuna shi namiji ne, ko ya ƙaro wata. A nan ne aure ke mutuwa, domin tilastawa maimaita mata abin da aka yi mata ne, ko da sadaki ya halatta shimfiɗar. Wanda matarsa ta buɗe masa cikinta, ya ce "na yarda da ke, ba laifinki ba ne", ya riƙe sirrin, ya bar ta ta zaɓi lokaci, ya fara yi mata magani ke nan.

Sauran aikin na masu ba da shawarar ƙwaƙwalwa ne, kuma ma'aurata na iya zuwa tare. Akwai cibiyar Waraka a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna, da aka buɗe domin waɗanda aka yi wa fyaɗe.