Yadda Ake Rarrabe Gansakukar Akwatin Kifi

'Yan'uwana ɗalibai, mu Hausawa duk wani koren abu da muka gani a cikin ruwa sai mu ce gansakuka. Amma masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun san iri biyu ne. Akwai mai yauƙi irin ta kududdufi, wadda ba ta da kara ko ganye, ita kam ƙazanta ce a wurinsu. Akwai kuma mai 'yan ƙananan rassa da ganyaye, wadda ake dasawa da gangan don 'ya'yan kifi su ɓuya a ciki. Ba ta da saiwa ta sosai, ba ta fure, sai dai wasu siraran zarurruka da take manne wa dutse ko itace da su. A kan wannan ta biyun zan yi bayani.

Ni dai abin da nake fara dubawa shi ne tsarin rassa. Gansakukar Jaba, wadda masana ke kira Taxiphyllum barbieri, daga kudu maso gabashin Asiya take, rassanta kuwa barkatai suke kamar zaren da ya harɗe. Vesicularia montagnei tana jera nata a tsare, dogaye a gindi, gajeru a kai, su ba da kusurwa uku. Fissidens fontanus ta Arewacin Amurka ganyenta layi biyu ne, kamar gashin tsuntsu. Fontinalis antipyretica kuwa layi uku ne, ganyen ya fi girma, ya fi duhu.

To, me ya sa za a wahala haka? Dalili shi ne zafi. Fontinalis 'yar rafukan ƙasashen sanyi ce, in ruwan akwati ya ɗumama irin na bazararmu sai ta ruɓe, ta ɓata ruwan, kifi su galabaita. Ta Jaba kuwa tana jure wa zafi har wajen digiri 30.

Sai dai a yi hattara, haske da gudun ruwa kan sauya kamannin rassa, sunan da mai sayarwa ya faɗa kuma ba hujja ba ne. In ana shakka, a ɗora ganye ɗaya a madubin likita na ɗakin kimiyya. Ƙwayoyin ganyen Taxiphyllum dogaye ne sirara, na Vesicularia kuwa masu faɗi ne. Gani ya kori ji.