Tsokar da aka yanke a jikinka, ina take zuwa?

Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti ya san wannan lokacin. An fito da mara lafiya daga ɗakin tiyata, bai gama farfaɗowa ba, sai ma'aikaciya ta leƙo ta miƙa wa mai jinya 'yar roba da tsoka a ciki, cikin wani ruwan magani mai hawa ido, ta ce a kai ɗakin gwaji. Wasu su kai. Wasu kuwa da sun ji kuɗin gwajin sai su ce ai tunda an cire cutar magana ta ƙare, su tafi da abinsu gida su binne.

Wannan ganganci ne. Gwajin nan ne kaɗai zai tabbatar ko ƙarin da aka cire mai lafiya ne ko na daji, kuma da shi likita zai san maganin da zai biyo baya. A can ɗakin gwajin ana yankar ɗan kaɗan a daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, a fere shi siriri fiye da fatar albasa, a rina, a duba a ƙarƙashin madubin likita. Sau da yawa akan samu ragowa. A kanta nake son mu yi magana, domin ita ce masu bincike ke roƙo.

Ba wani ƙarin yanka za a yi maka ba. Abin da da ƙonawa za a yi, shi ake ajiyewa a firinji mai tsananin sanyi, a cire sunanka a sa lamba. Da irin waɗannan tsokoki ake gane yadda ciwon daji yake tsiro da kuma maganin da yake ji. Mu ma muna da buƙata ta musamman a nan: yawancin abin da aka sani game da ƙwayoyin gado daga jikin Turawa aka samo shi, alhali binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan ya nuna cewa kansar nono mai zafin yaɗuwa, wadda ba ta jin maganin da ake ba wasu nau'o'in, ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma. Idan babu namu a ma'ajiya, magani zai ci gaba da zuwa da awon wasu.

To amma akwai tarihin da ya sa dole a yi hattara. A 1951 wata baƙar fata 'yar Amurka, Henrietta Lacks, uwar 'ya'ya biyar, ta je asibitin Johns Hopkins a Baltimore da kansar bakin mahaifa. Aka ɗebi tsokarta aka kai wa wani mai bincike, George Gey, ba tare da an tambaye ta ba. Ta rasu a watan Oktoba na shekarar tana da shekara 31, ƙwayoyin halittarta kuwa suka ƙi mutuwa, suna ta hayayyafa a kwalba har yau. Da su aka yi amfani wajen gwada rigakafin shan inna na Jonas Salk. Kamfanoni suka yi ta sayar da su, iyalinta kuwa sai bayan fiye da shekara 20 suka sami labari. A 2013 wasu masana a Jamus suka wallafa bayanan gadonta, wanda sirrin jikokinta ne ma, ba su nemi izinin kowa ba. Sai a 2023 kamfanin Thermo Fisher ya sasanta da magadanta. Haka John Moore, wanda aka cire wa saifa a 1976: jami'ar da likitansa yake aiki ta yi rajistar mallakar ƙwayoyin da aka samar daga gare ta, kuma a 1990 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta ce abin da ya bar jikinsa ba dukiyarsa ba ce, sai dai yana iya ƙarar likitan kan ɓoye masa cewa yana da wata riba a ciki.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, ganin abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai yanzu akwai doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta neman yardar mutum bayan an yi masa bayani kafin a sa shi cikin bincike, ta kuma haramta cinikin sassan jiki. Kowane bincike kuma sai kwamitin ɗa'a ya amince da shi.

Saboda haka in an kawo maka takarda, kada ka dangwala yatsa don kunyar likita. Takardar yardar tiyata daban, ta bincike daban. Ka ce a karanta maka da Hausa, kuma tun kafin ranar aikin, ba kana kwance a gadon da za a tura ka ɗakin tiyata ba. Ka tambaya ina za a ajiye tsokar, ko za a fitar da ita ƙasar waje, ko kamfani zai iya cin riba da ita, wa ke riƙe da littafin da ya haɗa lambar da sunanka, kuma in ka canza shawara wa za ka samu. Ka sani dai abin da aka riga aka yi amfani da shi ba ya dawowa, kuma galibi ba a biyan ko sisi, sakamakon binciken ma ba lallai ya zo hannunka ba.

In zuciyarka ta fi kwanciya da a binne abin da ya fita daga jikinka, musamman gaɓa sukutum kamar ƙafa, ka tuntuɓi malaminka, ka kuma faɗa wa likita tun da wuri. In ka ce a'a, hakkinka ne, kuma ba a yarda a rage maka kulawa saboda haka ba. Wanda aka matsa wa lamba yana iya kai kuka ga kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, kuma lambar wayarsu ya kamata ta kasance a jikin takardar da aka ba shi.