Littafin Da Ya Mai Da Ɗan Safiyo Masanin Halittu

A cikin shekarar 1844 aka buga wani littafi a Landan mai suna Vestiges of the Natural History of Creation, ba tare da sunan marubucinsa ba. Littafin ya kawo batun cewa taurari da ƙasa da tsirrai da dabbobi duk sun yi ta sauyawa sannu a hankali cikin zamani mai tsawo. Malaman coci sun yi masa ca, manyan masana kuma suka tono kurakuransa masu yawa, amma jama'a suka yi ta rububinsa, domin an rubuta shi da harshen da kowa zai fahimta. Sai a 1884 aka bayyana cewa Robert Chambers, wani mai buga littattafai a Edinburgh, shi ne ya wallafa shi.

Cikin waɗanda littafin ya shiga hannunsu har da wani saurayi, Alfred Russel Wallace, wanda aka haifa a 1823. Rashin abin hannu ya fitar da shi daga makaranta yana da shekara kamar 14, ya bi wansa aikin safiyo, watau awon filaye. Daga baya ya sami aikin koyarwa a garin Leicester, inda ya lizimci laburaren garin, ya kuma yi abota da Henry Walter Bates, wani matashi mai sha'awar tara ƙwari. Da ya karanta littafin nan a 1845, sai tambaya guda ta hana shi sakat: ta yaya sabon jinsin halitta yake samuwa?

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A 1848 abokan nan biyu suka nufi dazuzzukan kogin Amazon a Burazil, suna tara ƙwari da tsuntsaye, suna aikawa gida a sayar don su sami na guzuri. A kan hanyar Wallace ta komowa a 1852 jirgin ruwansu ya kama wuta, yawancin abin da ya tara ya ƙone, shi kuwa ya yi kwana goma a cikin ƙaramin kwalekwale kafin a cece shi.

Wannan asara ba ta karya masa gwiwa ba. Daga 1854 zuwa 1862 ya zazzaga tsibiran da yawancinsu ke cikin Indunusiya a yau, ya tara samfurin halittu fiye da 125,000. A can ne, a farkon 1858, yana kwance da zazzaɓi, amsar ta faɗo masa: halittu suna haihuwa fiye da yadda abinci zai ishe su, saboda haka waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su ne ke rayuwa su gadar wa 'ya'yansu siffofinsu. Ya rubuta wannan ya aika wa Charles Darwin, wanda ya shafe shekara 20 yana nazarin batun. Ran 1 ga Yuli 1858 aka karanta bayanan su biyun a gaban ƙungiyar masana ta Linnean a Landan.

Littafin Chambers bai ba Wallace amsa ba, tambayar kurum ya ba shi, ita ce kuwa ta zama sana'arsa har rasuwarsa a 1913. Garin da ya bar laburarensa ya lalace, bai san yawan masanan da ya yi asara ba.