Yadda ake gyaran tsohon sakisofon

Sakisofon abin busa ne na Turawa, kamar algaita a wurinmu. Ana ganin shi a hannun mabusan soja ranar bukin ƙasa. Wani maƙeri ɗan ƙasar Belzik, Adolphe Sax, shi ya ƙago shi. An ba shi takardar mallaka a birnin Paris a shekarar 1846.

Jikinsa tagulla ne, yana iya shekara 100. Abin da ke saurin lalacewa shi ne fata. Akwai kafofi fiye da 20 a jikinsa, kowace da murfinta. Cikin kowane murfi an manna fata mai taushi. Numfashin mabushi yana jiƙa ta, iskar hunturu ta busar da ita, sai ta tsage. In murfi ɗaya ya yi yoyon iska, murya mai kauri ba ta fita, kome ƙarfin mabushi.

Mai gyara yana shiga ɗaki mai duhu. Ya sa ƴar fitila cikin sakisofon, ya rufe murafu. Inda haske ya ɓullo, nan ɓarnar take. Sai ya ɗumama murfin da wuta kaɗan, ƙaro ya narke, ya cire tsohuwar fata, ya manna sabuwa.

Bayan kowace busa, a zura ƙyalle ciki a tsane danshi, a mai da shi akwatinsa. Kada a goge shi da toka ko yashi kamar tukunya. Fentin asali zai tafi, kuɗinsa su faɗi.