Shawarar Ƙarshen Ciki: Hatsarinta da Warkewarta

Cikin buƙatun jinya da kan zo gaban gidauniya, babu wadda ta kai gaggawar mai juna biyu da idanunta suka yi rawaya a watannin ƙarshe. A gida akan ce shawara ce, a nemi jiƙo. Sau da yawa ciwon hanta ne na ƙwayar cuta, ko zazzaɓin cizon sauro. Amma akwai wani ciwo da ba safai ake ganinsa ba, wanda kitse ke taruwa a hantar uwa har ta kasa aiki. Likita Sheehan ya yi bayaninsa a 1940, kuma ana ƙiyasta yana samun ciki ɗaya cikin 7,000 zuwa 20,000. Ya fi kama mai cikin fari da mai ɗauke da tagwaye.

Yakan fara da amai, da ciwo a saman ciki, da ƙishirwa mai tsanani, da kasala. Idan aka yi jinkiri sai sukarin jini ya faɗi, jini ya daina daskarewa, ƙoda ta raunana, hankali ya gushe.

Maganinsa shi ne a raba uwa da cikin da wuri, a asibitin da ke da jini da kulawa ta kusa. A nan dangi kan karaya, domin takan ƙara jin jiki a kwanakin farko bayan haihuwa, sai a ɗauka aikin bai yi ba. Alhali a mafi yawan lokuta hanta takan farfaɗo cikin mako ɗaya zuwa biyu, ba tare da ta bar lahani mai ɗorewa ba. A da, fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu wannan ciwo sukan rasu. Yau, inda aka kai su da wuri, adadin bai kai kashi 10 ba. Jaririn ma yana buƙatar sa ido, kuma uwa ta fara awo tun farkon ciki na gaba, domin ciwon yakan dawo, ko da yake ba kasafai ba. Jiƙo kuwa, ƙarin nauyi ne a kan hantar da ta riga ta gaji.

A ganinmu, a yankinmu tazara ce babbar matsala. Matar da ke tsibiri a Ngaski ko ƙauyen Shanga sai ta hau jirgin ruwa ko babur, sannan mota zuwa Yelwa, wataƙila daga nan a tura ta Birnin Kebbi ko Sakkwato. Mijinta, masunci ne ko manomi, da wuya ya fita daga sahun miskinai ko masu bashi da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata.

Don haka muna roƙon kowane kwamitin masallaci ya ajiye sunayen masu iya ba da jini, da lambar direban jirgi da na mota, da wani kuɗi a hannun ma'aji wanda zai iya fitarwa da tsakar dare ba sai an kira taro ba.