Sani Kaita: Shin minti ɗaya ya isa ya zama tarihin mutum?

Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu bayan sallar La'asar, sai hira ta biyo ta kan 'yan ƙwallon Arewa da suka taɓa sanya rigar Super Eagles. Aka ambaci Tijjani Babangida, aka yabi gudunsa. Aka ambaci Garba Lawal, aka yabi juriyarsa. Da aka zo kan Ahmed Musa kuwa, kowa ya tuno ƙwallaye biyun da ya zura wa Ajantina a shekarar 2014. Da na ce, "To, Sani Kaita fa?" sai wani matashi, wanda na tabbata a 2010 bai wuce ɗan firamare ba, ya kwashe da dariya ya ce, "Baba, ai wannan shi ne mai jan katin nan." Iyakar abin da ya sani game da mutumin ke nan, kuma ban ga laifinsa ba, domin kuwa iyakar abin da mu manya muka ba shi labari ke nan. Wannan dariya ce ta sa na ɗauki alƙalami, don in tuna wa mai karatu sauran tarihin da muka binne, in kuma faɗi abin da nake ganin shi ne ainihin darasin da ke cikinsa.

An haifi Sani Haruna Kaita a birnin Kano a shekarar 1986, kuma a ƙungiyar Kano Pillars tauraronsa ya fara haskawa. Ɗan wasan tsakiya ne mai tare baya, wato wanda ke tsayawa a gaban masu tsaron gida yana ƙwace ƙwallo daga abokan hamayya, yana toshe hanyoyi, sannan ya miƙa ta ga waɗanda za su kai hari. Duk wanda ya san ƙwallo ya san cewa mai wannan aiki kamar gishiri yake a miya, ba a ambatonsa idan girki ya yi daɗi, sai ranar da aka rasa shi. Ba ya yawan cin ƙwallo, ba a cika buga hotonsa a shafin farko ba, kuma kullum yana bakin karɓar kati, saboda aikin nasa na gogayya ne.

A shekarar 2005 Samson Siasia ya tafi da shi gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a ƙasar Holan, tare da su John Mikel Obi da Taye Taiwo da Chinedu Obasi. Yaran nan suka kai wasan ƙarshe, inda Ajantina ta doke su da ci 2 da 1 a birnin Utrecht, kuma Lionel Messi ne ya ci duka biyun da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Bayan shekaru uku, a gasar Olamfik ta birnin Beijing a 2008, Siasia ya sake tafiya da Kaita, aka lallasa Beljiyam da ci 4 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, aka sake haɗuwa da Ajantina, Angel Di Maria ya ci ɗaya tilo, muka dawo da lambar azurfa. A farkon 2010 kuma yana cikin tawagar Shu'aibu Amodu da ta zo ta uku a gasar cin kofin Afirka a Angola. Jama'a, azurfa biyu da tagulla ɗaya kafin mutum ya cika shekara 24, 'yan ƙwallon ƙasar nan nawa ne za su iya bugun ƙirji da irin wannan?

Sai ranar Alhamis, 17 ga Yunin 2010, a birnin Bloemfontein na Afirka ta Kudu. Ina cikin waɗanda suka cika wani gidan kallon ƙwallo a unguwarmu ran nan, kuma har gobe ina tuna yadda ɗakin ya kaure da sowa a minti na 16, lokacin da Kalu Uche ya ci Girka da bugun tazara. Mikel bai je gasar ba saboda rauni, don haka nauyin tsakiyar fili ya ƙaru a kan Kaita da abokansa. A minti na 33 ƙwallo ta fita waje, aka ɗan yi cacar jiki tsakaninsa da Vasilis Torosidis, sai Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa hauri a cinya. Bagirken ya zube yana birgima, alƙalin wasa Oscar Ruiz ɗan Kolambiya ya zaro jan kati. Nan take kocin Girka, Otto Rehhagel, ya cire mai tsaron baya ya sako ɗan gaba. Kafin hutun rabin lokaci Dimitris Salpingidis ya rama, a minti na 71 kuma Torosidis ɗin nan dai ya ci ta biyu. Wannan ita ce nasara ta farko da Girka ta taɓa samu a tarihin gasar.

Ba zan ɓoye gaskiya ba, Kaita ya yi laifi, kuma ni ma ina cikin waɗanda suka yi masa baƙar magana a daren. Ƙwallo ba ta cikin fili, muna kan gaba, babu abin da ya wajabta wannan hauri sai zafin zuciya. Shi da kansa ya fito ya nemi gafarar 'yan Nijeriya. To amma abin da ya biyo baya ya wuce hankali, domin kakakin tawagar ya shaida wa duniya cewa an aiko da saƙonni sama da 1,000 na barazanar kashe shi. Masu wannan aika-aika sun manta cewa a 1994 an harbe Andres Escobar na Kolambiya har lahira a birnin Medellin, kwanaki kaɗan bayan ya ci gidansu a wasansu da Amurka. Sun kuma manta cewa a wasan na Girka Obasi ya ɓarar da dama a gaban raga, cewa Vincent Enyeama, duk da bajintar da ya nuna, ƙwallo ta kufce masa kafin a ci ta biyu, cewa kuma a wasan Koriya ta Kudu da aka tashi 2 da 2 Yakubu Aiyegbeni ya harba waje alhali raga na buɗe. Ba a ma zancen hukumar da ta sallami Amodu ta ɗauko Lars Lagerback daga Suwidin saura 'yan watanni a fara gasa. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Duk da haka, ni a ganina jan katin nan bai yi wa sana'ar Kaita illar da yawon aro ya yi mata ba. Bari mu bi sawunsa. Bayan gasar 2005 ya koma Sparta Rotterdam, tsohuwar ƙungiyar nan ta Holan da aka kafa tun 1888, ya shafe shekaru uku. A 2008 Monaco, mai buga gasar Faransa, ta ɗauke shi, muka yi ta murna cewa ɗan Kano ya kama hanyar manya. Ashe suna kawai ya shiga littafin ƙungiyar. Daga 2009 zuwa 2011 an ba da shi aro har sau biyar: Kuban Krasnodar da Lokomotiv Moscow da Alania Vladikavkaz a Rasha, sai Metalist Kharkiv a Yukren, sai kuma, abin mamaki, Iraklis ta ƙasar Girka, ƙasar da ya haɗu da ƙaddararsa a hannun 'ya'yanta. Bayan ya rabu da Monaco ya buga wa Tavriya Simferopol, ya wuce Olympiakos Nicosia a tsibirin Saifurus, ya dawo gida Enyimba ta Aba a 2014, ya sake fita zuwa Saxan a Moldoba, daga bisani ya dangana da Finlan, har garin Rovaniemi da ke can ƙuryar arewacin duniya, inda rana kan leƙo na ɗan taƙaitaccen lokaci kawai a tsakiyar hunturu. Ƙungiyoyi fiye da 12 ke nan a cikin shekaru kusan 12.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma babu inda maganar ta fi tabbata kamar a tsakiyar fili. Ɗan gaba zai iya sauka a sabon gari yau, gobe ya ci ƙwallo biyu ya zama gwarzo. Mai tare baya kuwa sai ya san halin abokan wasansa, ya san wanda ke jinkirin dawowa, ya san wanda ke son a ba shi a ƙafa da wanda ke son a jefa masa gaba, ya kuma iya yi musu tsawa da harshen da suke ji. Wannan ba ya samuwa cikin watanni shida. Bugu da ƙari, ƙungiyar da ta aro ɗan wasa ba ta da wata riba a ci gabansa, tun da ba ita za ta sayar da shi ba. Idan ya ji rauni ko ya yi kuskure, sai ta ajiye shi a benci ta jira wa'adi ya cika. Ita kuwa uwar ƙungiyar ba ta ganinsa, balle ta san abin da ya iya. Dubi Mikel, abokin Kaita a 2005, wanda ya zauna a Chelsea daga 2006 zuwa 2017, har ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2012. Ban ce baiwarsu ɗaya ba, amma ɗaya ya sami gida, ɗayan bai samu ba.

Amfanin gida yana fitowa fili ne ranar da mutum ya faɗi. A 1998 David Beckham ya hauri Diego Simeone na Ajantina, aka kore shi, aka fitar da Ingila, jaridun ƙasarsu suka yi masa caa. Amma ya koma Manchester United, inda Alex Ferguson da magoya baya suka rungume shi, a 1999 ya ci kofuna uku da su, a shekarar 2000 kuma aka ɗaura masa kyaftin na ƙasa. Kaita da ya faɗi, ina ya koma? Ya koma ɗakin haya a baƙuwar ƙasa, cikin mutanen da suka san ba zai daɗe ba, mu kuma 'yan uwansa da ya kamata mu zame masa gata muka juya masa baya. Ita kanta hukumar FIFA ta fahimci ɓarnar wannan tsari, shi ya sa daga 2022 ta taƙaita yawan 'yan wasan da ƙungiya za ta iya bayarwa ko karɓa aro tsakanin ƙasashe, ta kuma hana wa'adin aro ya wuce shekara guda. Sai dai gyaran ya zo bayan Kaita ya rataye takalmansa.

Don haka ina da kira guda uku. Na farko ga yaranmu masu tasowa a filayen Kano da Kaduna da Jos, da iyayensu: kada sunan ƙungiya ya ruɗe ku. Kafin a sa hannu a kwantiragi, a tambaya ko kocin yana buƙatar yaron, ko kuwa dillalai ne kawai ke neman kamashonsu. Ƙaramar ƙungiyar da za ka buga wasa 30 a kaka ta fi babbar da za ta riƙa aika ka gari-gari. Na biyu ga mahukuntan ƙwallo a jihohinmu: irin su Kaita, da suka ga daɗi suka ga wuya, su ne suka fi dacewa a zaunar gaban matasa su koya musu haƙuri a fili da hattara a wajen ciniki. Na uku kuwa gare mu 'yan kallo ne. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma babu ɗayanmu da zai so a taƙaita rayuwarsa a kan minti mafi muni da ya taɓa yi, balle a ce an yi shi a idon duniya.

Matashin nan na majalisarmu, da na gama lissafa masa wasannin ƙarshe biyu da Kaita ya kai tare da Nijeriya, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wallahi Baba ban taɓa ji ba." Na ce masa laifin namu ne, kuma daga yau idan an ambaci jan katin, ya ambaci azurfa biyun. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu riƙa yi wa junanmu adalci, amin.